Wata Bakwai Muna Neman Karen da 'Yarmu Za Ta Iya Zama da Shi

Yara uku gare mu, kuma ta tsakiyar ce ta fi kowa nacin a kawo kare gidan. Ita ce kuma mai asma. Tun tana 'yar shekara huɗu likita ya rubuta mata abin shaƙa na salbutamol, wanda take ɗauka duk lokacin da ƙirji ya riƙe ta, ga atishawar safe da ƙaiƙayin ido da muka saba da su har muka daina ɗaukarsu a bakin komai. Ranar da ta cika shekara takwas babanta ya yi mata alkawari a gaban 'yan'uwanta cewa za a kawo kare. Ni ce na ce a dakata, domin na tuna wata rana da muka je gidan wata ƙawata mai kare, muka dawo da ita idanu jawur, tana ta murza hanci har ta yi barci. Amma alkawari kaya ne, an riga an ɗauka. Daga wannan rana zuwa ranar da kare ya kwana a gidanmu sai da aka yi wata bakwai, kuma wata biyun farko asara ce zalla, saboda mun fara ta inda ya kamata mu ƙare.

Abin da kowa ke yi shi na yi, na ɗauki waya na shiga intanet. Nan da nan na samu jerin karnukan da ake tallata cewa ba sa tayar da alaji: Poodle, Bichon Frise, Schnauzer, Labradoodle, Portuguese Water Dog. Dalilin da ake bayarwa ɗaya ne, wai gashinsu ba ya zuba. Na kuma ci karo da labarin iyalin Barack Obama, waɗanda a 2009 suka kawo kare irin Portuguese Water Dog mai suna Bo fadar shugaban Amurka saboda 'yarsu Malia na da alaji. Na ce a raina, in dai mutumin da ke da likitoci a tafin hannunsa ya yi haka don 'yarsa, ai magana ta ƙare. Ban nemi likitan yarinyar ba, ban ma yi tunanin nemansa ba.

Ta hanyar wani abokin aikin babanta muka samu mai kiwon karnuka da ke da 'yan kwikwiyo ruwa biyu, uwarsu Poodle. Satinsu shida a lokacin, ya ce ba a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya kai sati takwas, wanda daga baya likitan dabbobi ya tabbatar mini gaskiya ne. Zuwanmu na farko a waje muka tsaya, iska na kaɗawa, yarinya ta yi wasa da wani ɗan namiji mai ruwan ƙasa na kamar minti ashirin, ko atishawa ɗaya ba ta yi ba. A take muka ba da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Babu rasit, babu yarjejeniya, sai saƙon waya da ya ce ya ga kuɗi. Bayan sati ɗaya muka koma, ranar ana yayyafi, sai ya shigar da mu ɗakin da karnukan ke kwana. Uban 'yan kwikwiyon yana ciki, ƙato mai son mutane, yarinya ta rungume shi ta cusa fuska cikin gashinsa. Mun kusa awa guda a ɗakin. A mota ta fara murza ido, na ce gajiya ce. Wajen ƙarfe biyu na dare tarinta ya tashe ni, na iske ta zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyi, ƙirjinta na wani irin fito, kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi. Na ba ta abin shaƙarta kamar yadda aka koya mana, na zauna riƙe da hannunta ina ƙirga numfashin har ya lafa. Ban koma barci ba. Gari na wayewa muka nufi asibiti.

Mai kiwon, da muka kira shi, cewa ya yi irin karnukansa ba sa yi wa kowa haka, wataƙila mura ce. Bayan ja-in-ja na kwana huɗu ya maido mana kashi ɗaya cikin uku na abin da muka ba shi. Ba mu da takardar da za mu kafa hujja da ita, sai muka haƙura.

A asibiti mun yi awa uku a layi kafin mu ga likitan da ke duba ta, ganin kuwa bai wuce minti goma sha biyar ba. Ya saurari ƙirjinta, ya tambayi sau nawa take ɗaukar abin shaƙa a sati, sau nawa tari ke tashinta da dare. Da na lissafa masa sai ya ajiye biro ya ce, "Maman yarinya, asmar nan tun kafin zancen kare ba ta kwanta ba." Jikina ya yi sanyi, domin ni a wurina tana lafiya. Ya ƙara mata abin shaƙa na biyu, na rigakafi, wanda ake yi safe da yamma ko da lafiya lau take, ya ba ta cetirizine don hanci da ido, ya rubuta mana takardar turawa zuwa sashen masu alaji. Ya kuma ce in sayi ɗan littafi in riƙa rubuta duk ranar da ta yi tari ko atishawa, da inda ta je, da abin da ta taɓa. Wannan littafin ya fi duk abin da na karanta a intanet amfani. Da muka kai takardar turawar sashen, ranar da aka ba mu sati biyar ce a gaba.

Sati biyar ɗin suka zo, na ɗauki hutun aiki, na ɗauko ta daga makaranta, muka biya kuɗin ganin likita, muka zauna. Nas ɗin da ke cike fom ta ɗago kai ta ce, "Mama, yaushe rabonta da shan maganin ƙaiƙayi?" Na ce jiya da dare. Ta rufe fayil ɗin. Ashe irin wannan magani yana danne fata, ya hana ta nuna abin da ake son gani a gwaji, don haka sai an daina shi kwanaki kafin a zo. Babu wanda ya faɗa mana, kuma ba a rubuta a katin ganin likitan ba. Ta ce a tsayar da cetirizine na sati ɗaya, amma kada a kuskura a tsayar da abin shaƙa, ta ba mu wata rana bayan kwana goma. Na fito ina jin haushi kamar in yi kuka. Duk wanda aka ba ranar gwajin fata, tun a ranar ya tambaya wane magani za a daina, na kwana nawa, kuma wanne ne ba a taɓawa.

Gwajin kansa bai kai yadda na tsorata da shi ba. Nas ta shimfiɗa hannun yarinyar a kan tebur, tafi yana kallon sama, ta yi alamomi da biro daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ta ɗiga ruwa ɗigo ɗaya kusa da kowace alama: na kare, na kyanwa, na ƙananan ƙwarin da ke rayuwa cikin ƙurar gida, na ƙurar furanni, na funfuna. Akwai ɗigo biyu na awo, ɗaya ruwan gishiri wanda bai kamata ya yi komai ba, ɗaya histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi, wanda dole ya tashi in fatar na amsawa. Sai ta bi kowane ɗigo da ɗan tsinke ta taɓa fatar, ko jini bai fito ba. Aka ce mu jira minti goma sha biyar, kada ta sosa. Ina kallo wurare uku suka fara tasowa kamar cizon sauro, ja ya kewaye su. Yarinya ta cije leɓe tana hura wa hannun iska. Nas ta dawo da ɗan ma'auni ta auna kowanne. Ta ce duk ƙurjin da ya fi na ruwan gishirin da milimita 3 ana lissafa shi. Na kare ya kai milimita 6, na ƙwarin ƙura 9, na kyanwa bai motsa ba. Daga nan aka kai ta wani ɗaki ta hura wata na'ura da ke auna ƙarfin huhu, sau uku, har sai da aka samu awon da aka yarda da shi.

Likitar sashen mace ce mai natsuwa, kuma ita ce ta fara warware mini inda na ɓata. Kafin ma ta buɗe baki yarinyar ta riga ta, "Likita, ke nan ba zan taɓa samun kare ba?" Ta ce, "Bari mu bi a hankali, 'yata, ban ce e ba, ban ce a'a ba." Sannan ta juyo gare ni ta ce gashin kare ba shi ne ke tayar da ciwon ba. Wasu sinadaran furotin ne da ke cikin yawunsa, da ɓurɓushin fatarsa, da fitsarinsa, gashi ɗaukarsu kawai yake yi. Kare ko gashinsa bai zuba ba yana da yawu, yana da fata. Ta ambaci bincike biyu da daga baya na nemo na karanta. A 2011 masu bincike a asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka sun auna ƙurar gidaje 173 masu kare, ba su ga bambanci ba tsakanin gidajen da ke da irin karnukan da ake tallatawa da sauran. A 2012 kuma wasu a Utrecht ta ƙasar Holan suka auna babban sinadarin, wanda ake kira Can f 1, a jikin karnukan kansu, sai ga shi ya fi yawa a gashin Poodle fiye da na Labrador, wanda kowa ya san shi da zubar gashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin Labradoodle ɗin kansa. Wally Conron ne ya haɗa Labrador da Poodle a Ostareliya a 1989, don samar wa wata makauniya a Hawai karen jagora wanda mijinta mai alaji zai iya zama da shi. 'Yan kwikwiyo uku aka haifa, ɗaya ne kawai ya dace da mutumin. Uwa ɗaya, uba ɗaya, ciki ɗaya, amma biyu ba su yi ba. To ina ga karen da na biya rabin kuɗinsa saboda sunan irinsa?

Likitar ta ce gwajin fata ya nuna jikin yarinyar ya san kare, amma bai faɗi wane sinadari ba ne a cikinsu. Akwai gwajin jini da ke rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗa mana tun farko cewa yana da tsada, kuma ba lallai ya canza komai ba. Kuɗinsa ya ninka na gwajin fata kusan sau uku, ba a yin sa a asibitin, sai an aika jinin wani ɗakin gwaji. Mun kwana biyu muna shawara da babanta kafin muka yarda. Aka ɗebi jini, aka ce sati biyu, aka yi uku. Takardar da ta zo shafi ɗaya ce, jerin sunaye da lambobi: Can f 1, Can f 2, Can f 3, Can f 5. Likitar ta nuna mini da biro cewa a al'ada daga 0.35 zuwa sama ake ɗauka jiki ya amsa. Ukun farko duk suna ƙasa da haka. Na ƙarshen ne ya yi sama sosai. Ta ce wannan Can f 5, wanda masu bincike a Suwidin suka gano a 2009, daga wata ƙaba da ke kusa da mafitsarar namijin kare yake fitowa, wadda ake kira prostate, mace kuwa ba ta da ita, ya bi fitsari ya hau gashi da fata. Akwai yaran da shi kaɗai jikinsu ke ƙi, kuma irinsu kan iya zama da karya ba tare da matsala ba. Nan take na tuna ƙaton karen da ta rungume a ɗakin nan, na tuna kuma karen ƙawata ma namiji ne.

Kada wanda ke karanta wannan ya ɗauka karya ita ce mafita ga kowa. Likitar ta nanata mini wannan har sau biyu. Yara da yawa masu alajin kare Can f 1 ne ke damunsu, ko sinadarai biyu ko uku a haɗe, kuma a wurinsu namiji da mace duk ɗaya ne. Ko a wurin tamu ma, ta ce ba ta ba da tabbaci ba, domin jiki na iya koyon ƙin wani sinadarin nan gaba. Ta faɗa ƙarara cewa in shawara mafi aminci muke so ga yaro mai asma, to kada a kawo kare sam. In kuma mun nace, sharaɗi uku ta gindaya: asmar ta kwanta na wata biyu a jere ba tashin dare, a gwada yarinyar da ainihin karen da za a kawo ba sau ɗaya ba, kuma a samu yarjejeniya a rubuce cewa za a iya mayar da shi. Ta ba mu ɗan bututun auna numfashi na gida, ta rubuta mana a takarda lambar da in awo ya sauka ƙasa da ita sai a dakatar da komai a zo asibiti.

Wata biyun jiran nan da ƙurar gida muka yi su, tunda ƙurjin ƙwarin ƙura ya fi na kare girma. Muka cire kafet ɗin ɗakinta, muka sa wa katifa da matashi riga mai zif da ba ta barin ƙura ta fita, zannuwan gado kuma wanki duk sati da ruwa mai zafin digiri 60. Cikin sati uku atishawar safen da muka ɗauka halittarta ce ta ragu ƙwarai. A wannan tsakanin na je wurin likitan dabbobi ni kaɗai, ba kare a hannuna, na biya kuɗin shawara. Ya ce a halin da muke ciki babbar karya ta fi kwikwiyo, domin halinta ya riga ya bayyana, ta daina fitsari ko'ina, ba ta yawan lasa da cizon wasa. Ya ce mu nemi mai gajeren gashi da za a iya wanke ta ta bushe da wuri, saboda gashi mai cunkoso irin na Poodle yana riƙe ƙura, ga aski da yake buƙata duk bayan sati huɗu zuwa shida, kuɗin da mutane ba sa lissafawa sai sun shiga. Ya ce kada mu karɓi kare ba katin rigakafi, musamman na ciwon haukan kare, da shaidar an ba shi maganin tsutsa da na kaska.

Shi ne ya haɗa mu da wani wurin da ke kula da karnukan da masu su suka rabu da su. Can ma akwai nasu takardun: fom mai shafi uku, katin shaida, wasiƙar mai gidan da muke haya cewa ya amince, sannan wata ma'aikaciyarsu ta zo ta duba katanga da inda kare zai kwana. Na nuna musu takardar likita, na roƙi a rubuta cikin yarjejeniya cewa muna da sati biyu na gwaji, suka yarda ba musu. Karyar farko da muka gwada, cikin minti goma hancin yarinyar ya fara yoyo, gwiwata ta yi sanyi. Da na kira likitar sai ta tambaye ni ko keji ɗaya take kwana da maza. Na bincika, ashe haka ne. Ta ce mai yiwuwa abin na jikinsu ne ta kwaso, a yi wa wadda za a gwada wanka a ware ta kwana biyu. Kafin mu koma wasu sun ɗauki waccan. Ta biyun ruwa biyu ce da Labrador, baƙa, shekararta biyu, an riga an yi mata aikin hana haihuwa. Sau huɗu muka je wurinta, ana barin kwana uku tsakani, domin daren nan ya koya mini cewa ƙirji na iya jira sai bayan sa'o'i kafin ya amsa. Minti goma sha biyar a waje, sannan rabin awa, sannan awa guda cikin ɗaki a rufe, sannan yini guda. Kowane zuwa abin shaƙa na cikin jakata, safe da yamma kuma tana hura bututun ina rubuta lamba. Wata ta ba ni shawarar in goga tawul a jikin karyar in sa ƙarƙashin matashin yarinyar ta kwana da shi. Na tambayi likita, ta ce kada in soma, ba a yi wa mai asma irin wannan gwaji tana barci.

Kafin a kawo ta na zaunar da yaran uku na faɗa musu cewa baƙuwa ce ta sati biyu, in ƙirjin 'yar'uwarsu ya ƙi, za ta koma, kuma ba laifin kowa ba ne. Na yi haka ne don kada su ɗora wa yarinyar, ko ita ta riƙa ɓoye tari don tsoron a mayar da karya. Wannan na biyun ya fi tsorata ni, shi ya sa na dogara da lambar bututu fiye da "lafiya lau nake, Mama." Dokokin gida kuwa ba su canza ba har yau. Karya ba ta shiga ɗakin kwana, ba ta hawa kujera. Duk wanda ya taɓa ta ya wanke hannu kafin ya kai fuska. Babansu ke taje ta, a waje. Wanka sau biyu a sati, saboda wani bincike da aka yi a Manchester a 1999 ya nuna wanka na rage sinadarin a jikin kare amma yana dawowa cikin 'yan kwanaki, da sabulu mai laushi da likitan dabbobi ya zaɓa don kada fatarta ta bushe. A ɗakin yarinyar akwai na'urar tace iska mai matatar HEPA da ke kama ƙananan ƙura, wadda ita ma sai an riƙa canza mata matata.

Da za a maimaita, asibiti zan fara zuwa kafin in buɗe hoton kare ko ɗaya a gaban yara, domin daga neman ranar likita zuwa fitowar gwajin jini kaɗai mun ci kusan wata uku, kuma yaron da ya riga ya zaɓi kwikwiyo ba ya iya jiran wata uku. Ba zan ba kowa ko sisi ba sai da takarda mai faɗin yadda za a mayar da kare da kuɗi. Ba zan kuma yarda da gwajin minti ashirin a fili ba. Kuma ya kamata a sani cewa mayar da kare ba ya share gida nan take, ɓurɓushinsa kan daɗe watanni cikin kafet da labule, don haka gara a hana shi ɗakin yaro tun daren farko.

Wata biyar ke nan tana gidan. Sau biyu ƙirjin yarinyar ya riƙe ta a wannan tsakanin, ɗaya lokacin mura, ɗaya kuma ranar da maƙwabcinmu ya shigo da nasa karen namiji tsakar gida ta yi wasa da shi, abin da yanzu muka hana. Likitar ta ba mu ranar maimaita gwajin jini in shekara ta cika, don a ga ko Can f 1 ya fara motsi, kuma mun riga mun yi magana da ƙanen babanta cewa in ya motsa shi zai karɓi karyar. Ɗan littafin nan yana rataye jikin firij, yanzu yarinyar da kanta take hura bututun ta rubuta lambar kafin ta fita kai wa karyar ruwa.